"Good name" shaidar mutane ce, ba suna mai daɗi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wasu kalmomin Turanci guda biyu da suke ba masu fassara da masu rubuta takardu wahala, wato "good name". Mu malaman Turanci ne a makarantun sakandare na cikin birnin Katsina, a cikinmu kuma akwai masu fassara takardun ofis da na kotu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda muke yawan jin ana juya kalmomin nan a rediyo da jaridu da cewa "suna mai kyau", wani lokaci ma a ce "ya yi suna". Ta farko fassarar kalma da kalma ce. Ta biyu kuwa ta saki hanya gaba ɗaya.

Idan Bature ya ce wane yana da "good name", ba sunan yanka yake nufi ba, ba kuma shahara ba. Yana nufin abin da mutane suke faɗa a kanka idan ba ka wurin: ba ya cin amana, ba ya hana bashi, ba a taɓa jin shi da abin kunya ba. Bahaushe yana da kalmar da ta yi daidai da wannan, ita ce shaida. A duba abin da ake yi idan an zo neman aure. Waliyyin yarinya zai tura mutum biyu ko uku unguwar su yaro, su zauna da liman, su tsaya wurin mai shago, su tambayi maƙwabcin da katangarsu ɗaya. Abin da 'yan binciken nan suka dawo da shi a bakinsu, shi ne "good name" ɗin yaron, ko kuma rashinsa. Yaron bai sa hannu a ciki ba, ba a ma gaya masa ranar da aka je. Saboda haka fassarar da ta fi zama daram ita ce "kyakkyawar shaida", a wani wurin kuma "mutunci". Masu karatu sun san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na gawar da aka wuce da ita sahabbai suka yabe ta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta tabbata, sannan ya ce musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Daga nan Hausawa suke cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Wannan shaidar ce ake magana a kanta.

Akwai inda kalmomin suke nufin suna mai daɗi ɗin da gaske, kuma gane wurin ba wuya. Idan an ce "That is a good name for a girl", ana maganar sunan da za a raɗa wa jaririya ne. Idan an ce "a good name for the shop", sunan da za a rubuta a allon shago ne. Amma da zarar ka ga kalmar mallaka a gaba, "my good name", "her good name", "the family's good name", ko ka ga "the good name of the school", to an koma maganar mutunci. Kuma a wannan ma'anar ba a cika yi mata jam'i ba. Ɗalibin da ya rubuta "Our teachers have good names" ya gaya wa mai dubawa cewa sunayen malamansu suna da daɗin faɗa ne kawai.

Maganar tsohuwa ce a Turanci. Tana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, a Karin Magana 22:1, inda aka fifita ta a kan tarin dukiya, kuma irin wannan zancen ne ake gani a bayan manyan motocin da suke zuwa daga Kudu da bangon wasu makarantu. Mu ma muna da namu: tsira da mutunci ya fi tsira da kaya. Tsufan nata ya sa tana da nauyi a kunne. Ana jin ta a bakin lauya, a jawabin shugaban makaranta, a takardar wanda aka yi wa ƙage yana kare kansa. A hira ta yau da kullum an fi cewa "reputation". Nan ma akwai rami. Ita "reputation" ba ta da ɓangare, sai an ɗora mata sifa: "a good reputation", "a bad reputation", ko "a reputation for honesty". Wanda ya rubuta "She has a reputation" ya tsaya a nan, yana ganin ya yabi mace, to ya yi mata illa, domin a kunnen mai harshen hakan yana nuna ana faɗar wani abu marar daɗi a kanta. Gara a ƙara kalma ɗaya da a bar jimlar tsirara.

Yin suna kuwa wani abu ne daban. Mawaƙi ya yi suna, ɗan dambe ya yi suna, ɗan kasuwa ya yi suna: wannan shi ne "He has made a name for himself", ko "He is a big name". Mutum yana iya zama "big name" a duk ƙananan hukumomi 34 na jihar nan alhali babu mai ba shi ajiyar buhun gero. Sai kuma kuskuren da ya fi kowanne muni, wanda ba ya ƙarewa a takardun gayyata da jawaban gabatar da baƙi: "a notorious Islamic scholar". Mai rubutun yana nufin shahararren malami. Abin da ya rubuta shi ne malamin da ya yi ƙaurin suna. "Notorious" ta ɓarawon shanu ce da ɗan fashi. Ga malami sai a ce "renowned", ko "well-known", ko "highly respected". Tunda mun ambaci wannan, a lura da 'yan'uwan junan nan guda huɗu da suke rikita ɗalibai: "respected" wanda ake girmamawa, "respectful" mai ladabi, "respectable" mai kamala wanda babu abin kunya tattare da shi, "respective" kuma ba ruwanta da girma sam, ma'anarta kowa da nasa. Dattijo "respected" ne, ɗalibi "respectful".

Kalmomin aikin da suke tafiya da "good name" ƙidayayyu ne. Ana "protect" ko "defend" ɗinsa, wato kare shi. Ana "damage", "tarnish" ko "ruin" ɗinsa, wato ɓata shi. Ana "restore" ɗinsa bayan ya zube. "He spoiled my name" da muke faɗa a Najeriya kowa zai gane, amma daga ɓata suna na harsunanmu aka ɗauko shi, a takardar ofis ko ta lauya sai a rubuta "He damaged my reputation". Wanke kai daga zargi shi ne "clear my name". Babu "wash my name", babu "clean my name". Idan mai fassara ya ci karo da "They dragged his name through the mud", kada ya wahalar da mu da jan suna a cikin laka, ya ce sun shafa masa kashin kaji, ko sun yi masa yarfe idan maganar siyasa ce. "They give the town a bad name" kuma, suna jawo wa garin zagi. Sai "He called me names", wadda ba kiran suna ba ce, zagi ne.

Inda muka fi so mu daɗe shi ne wajen takardu, domin a can ne kuskure yake jawo asarar kuɗi da ta guraben karatu. Turancin ofis ya raba shaidar nan gida uku, kuma kowane gida da mai bayar da shi.

Na farko "good character". Wannan ita ce kalmar da takardar shaidar hali take buƙata, wadda ake nema wajen rajistar sababbin ɗalibai a manyan makarantu, da wajen ɗaukar aiki, da neman tallafin karatu. Jami'o'in ƙasar nan ma idan za su ba da digiri cewa suke an sami ɗalibi ya cancanta "in character and learning", halin ne a gaba. Tsarin mulkin 1999 ya yi amfani da wata mai ƙarfi wajen siffanta waɗanda za a naɗa a hukumar zaɓe ta INEC, ya ce su kasance masu "unquestionable integrity", wato waɗanda babu tantama a kan gaskiyarsu. Mai rubuta wa yaro takarda ba ya buƙatar hawa can. Shafi ɗaya ya isa, kalmomi 120 zuwa 180. A sama adireshin mai rubutu, a kan takarda mai tambarin ofishinsa idan yana da ita, sai kwanan wata. Idan an san wanda za a kai wa, a rubuta muƙaminsa, misali magatakardan makarantar. "To whom it may concern" ta wanda bai san inda takardar za ta ba ce. Sai kan magana da cikakken sunan yaron. Jimlar farko ta faɗi abu biyu, tsawon sanayya da kuma ta wace fuska: "I have known him for 6 years, first as his class teacher and later as his principal." Wannan jimlar ita ce ƙashin bayan takardar, mai karatu a can ita yake fara nema. Bayan ta a kawo abu biyu ko uku da aka gani da ido: ya riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai shekara 2 lissafi bai taɓa tawaya ba, ba a taɓa dakatar da shi ba, shi ke koya wa ƙanana karatu da yamma. Sannan a rufe da "To the best of my knowledge, he is of good character", wato iyakar sanina mutumin kirki ne. A sa hannu, a buga hatimi, a rubuta suna da muƙami da lambar wayar da take shiga.

Abin da yake lalata waɗannan takardu kusan kullum iri ɗaya ne. Yaro ya je shagon buga takardu, mai kwamfuta ya buɗe tsohuwar takardar wani, ya canza sunan da ke sama, ya manta da wanda ke sakin layi na uku. Ko takardar namiji ce aka mayar ta mace, "he" da "she" suna karo da juna a shafi ɗaya. Ko a rubuta Muhammad alhali a takardar JAMB da ta NIN Mohammed ne, ko a juya jerin sunayen. Mai tantancewa bai san yaron ba, harafi yake bi. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu 'yan Arewa. Da yawanmu sunan gari ne sunanmu na ƙarshe: Daura, Mashi, Kankiya, Funtuwa, Malumfashi. Idan mai neman gurbi sunansa ya ƙare da Daura, mai ba da shaida ma haka, jami'in da ke Ingila ko Malesiya zai ɗauka uba ne ya rubuta wa ɗansa, kuma shaidar ɗan'uwa ba a cika karɓar ta ba. Maganin jimla ɗaya ce: "I am not related to him, Daura is the name of our home town."

Sai fassara halayen kirki, wadda ita ma ba ta zuwa kai tsaye. A laccar da Anthony Kirk-Greene, wani Bature masanin Hausa, ya gabatar a 1973 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wasu suna ƙetarawa Turanci lafiya. Gaskiya "honest", amana "trustworthy", karamci "generous", adalci "fair". Kunya ce take karyewa a hanya. Wanda ya rubuta "He is shy" ya gaya wa mai ɗaukar aiki cewa yaron ba ya iya buɗe baki a gaban mutane. Wanda ya rubuta "He has shame" bai faɗi komai ba. A ce "modest and respectful". Sauƙin kai ma haka: "He is a simple man" tana iya nufin mutumin da kansa ba ya ja, abin da ake so shi ne "humble" ko "easy to work with". "Yarona ne" yabo ne a bakin maigida, amma "He is my boy" a kan magidanci mai shekara 35 ƙasƙanci ne, kuma tana nuna shaidar ta ubangida ce. "He has no problem" yabo ne mai sanyi, kamar an rasa abin faɗa. "God-fearing" tana da daraja a takardar da za ta tsaya a Najeriya, amma jami'ar Turai ba ta san inda za ta ajiye ta ba, gara a faɗi aikin da tsoron Allahn ya haifar. Kuma a rage zuba kirari. Takardar da ta jera sifa 12 ba misali ko ɗaya, mai karatu ya san ba a san yaron ba.

A nan dole mu taɓo kara. Ana yi wa garin nan kirari da ta Dikko ɗakin kara, kuma gaskiya ne, amma karar nan ce take sa mai unguwa ko liman ko shugaban makaranta ya sa hannu a takardar wanda bai taɓa gani ba, don kawai wanda ya kawo shi ba a iya ce masa a'a. Akwai mafita da ba sai an kunyata kowa ba. A rubuta iyakar abin da aka sani. Idan abin da mai unguwa ya sani shi ne yaron ɗan gidan wane ne kuma a unguwar yake zaune, ya rubuta hakan: "I know him as a resident of my ward." Wannan takardar gabatarwa ce, ba ta shaidar hali ba, kuma ba ƙarya a cikinta. Haka takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, asali take tabbatarwa, ba ta ce komai a kan hali ba, kada a miƙa ta a madadin waccan.

Gida na biyu shi ne "good standing". Mutane da yawa suna ɗauka tsayuwar kirki ce a cikin jama'a, sai su tafi wurin hakimi neman ta. Ba a can take ba. Hukumar da ta yi wa mutum rajistar sana'a ce kaɗai take bayar da ita: likita daga hukumar MDCN, ma'aikacin jinya da ungozoma daga majalisarsu ta ƙasa, kamfani kuma daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC idan yana shigar da bayanansa na shekara-shekara. Abin da take faɗa taƙaitacce ne: lasisinsa yana raye, kuma babu hukuncin ladabtarwa a kansa. Masu neman aikin asibiti a Saudiyya ko Ingila ita ake tambayarsu. Hukumar likitocin Ingila, GMC, tana karɓar ta ne a cikin wata 3 daga ranar da aka sa mata hannu, saboda haka wanda ya karɓe ta da wuri kafin sauran takardunsa su kammala sai ya sake biya ya sake jira. Mutum yana iya zama "in good standing" a rajista alhali maƙwabtansa ba sa amsa sallamarsa.

Na uku takardar 'yan sanda, wadda ake kira "Police Character Certificate". Sunan yana ruɗi. Ana ɗaukar zanen yatsu a duba ko akwai tarihin laifi a rubuce. Idan babu, a bayar. Ba ta ce kai mutumin kirki ne ba, ta ce ba a sami sunanka a kundin masu laifi ba. Ofisoshin jakadanci ita suke nufi idan sun nemi shaidar 'yan sanda, wasiƙar liman ba ta maye gurbinta.

Kafin mu bar takardu, ga wata da take cinye gidaje. "Referee" daban, "guarantor" daban. Shi "referee" shaida yake bayarwa, kamar mutum 2 da banki yake nema wajen buɗe asusun kasuwanci. A jikin fom ɗin ma bankuna sukan rubuta gargaɗin cewa akwai haɗari a gabatar da wanda ba a sani sosai ba. Shi kuwa "guarantor" lamuni ya ɗauka. Idan wanda ya tsaya wa ya karɓi Keke Napep a kan biya sannu-sannu ya gudu, ko yaron shago ya yi gaba da kuɗin POS, ƙofar mai lamuni za a ƙwanƙwasa. A nemi kalmomi biyu a takardar kafin a sa hannu: "indemnify", wato ka yarda za ka biya asarar, da "jointly and severally", wato ko ku uku ne kuka tsaya masa, ana iya riƙe ka kai kaɗai a ce ka biya duka. A kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ko ta Charanci dillali yana tsaya wa baƙo da baki kawai, kuma kowa ya san nauyin da ya ɗauka. A takardar Turanci nauyin iri ɗaya ne, sai dai an ɓoye shi a ƙananan haruffa.

Yanzu sai abin da ya shafe ku kai tsaye, Malam Edita. Hausa ta bambanta cin mutunci da ɓata suna, kuma ya kamata fassara ta kiyaye wannan. Cin mutunci a gaban idonka ake yi, shi ne "insult" ko "humiliate". Ɓata suna sai magana ta kai kunnen wani na uku, shi ne "defamation". Idan a rubuce ne "libel", idan da baki ne "slander". Wanda ya zage ka a saƙon waya tsakaninku biyu ya ci mutuncinka, amma bai ɓata maka suna ba sai ya tura zauren WhatsApp na unguwa. A dokar Penal Code ta Arewa da ta fara aiki a 1960, sashe na 391 ne ya fayyace ɓata suna, na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Masu cewa "ai gaskiya na faɗa" su lura: a wannan dokar, gaskiyar magana tana kuɓutar da mai ita ne idan faɗar ta amfanin jama'a ce. A addini ma an rufe wannan ƙofar, domin hadisin Muslim ya ce idan abin da ka faɗa yana tare da ɗan'uwanka ka yi gibarsa, idan babu ka yi masa ƙage. Ƙazafin zina kuwa Suratun Nur aya ta 4 ta yanke: wanda bai kawo shaidu 4 ba bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da ake gurfanar da mutane a ƙarƙashin sashe na 24 nata a kan abin da suka wallafa.

Wanda aka shafa wa kashin kaji a Facebook, abu na farko ya ɗauki hoton rubutun yadda sunan mai shi da kwanan wata za su fito, ya adana adireshin shafin, domin ana gogewa cikin dare. Kada ya rama da zagi, ramuwar tana ba ɗaya ɓangaren abin riƙewa. Ya fara da manya, mai unguwa ko iyayen mai rubutun; sau da yawa a nan ake kashe wutar. Idan ta ƙi, lauya ya rubuta takardar neman "retraction and apology", wato janye magana da ba da haƙuri, a ba da wa'adin kwana 7 ko 14, a kuma sharɗanta cewa a wurin da aka yi ɓatancin za a janye. Wanda ya ɓata ka a gaban mutum dubu ya zo zaure ya ba ka haƙuri ku biyu, mutum dubun nan ba su ji ba.

Roƙonmu ga masu fassara labaran kotu guda uku ne. "Alleged" da "suspect" kada su faɗi a hanya. "Wanda ake zargi da sata" ba "ɓarawo" ba ne, kuma kanun labari ba ya rasa wurin kalma biyu. Na biyu, "kotu ta wanke shi" ta "discharged and acquitted" ce kaɗai, inda aka saurari shari'a aka ce ba shi da laifi. Idan "discharged" ce ita kaɗai, sallama ce, ana iya sake gurfanar da shi. Idan "struck out" ce, an cire ƙarar daga jerin shari'o'i ne, watakila don mai ƙara bai zo ba. Wanda aka rubuta an wanke shi alhali sallamarsa aka yi, ranar da aka sake kama shi jama'a za su ce kotu ta yi amai ta lashe. Na uku, idan jarida ta buga kamun mutum a shafin farko da hotonsa, to ranar da aka wanke shi ma a ba labarin wuri makamancin wancan, da cikakken sunansa yadda aka rubuta shi a karon farko, domin wanda zai bincika sunan a intanet bayan shekara 5, ko surukin gobe ne ko mai ɗaukar aiki, ya ci karo da labaran biyu tare.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naku,
Wasu malaman Turanci da masu fassara,
Birnin Katsina.